Wayar Saje Tanko a Cikin Gwangwani

Duk wanda ya taɓa zaman hira da Saje Tanko a gindin mangwaron ƙofar gidansa ya san ba a fara magana sai an rufe gwangwani. Ka zo da labari da zafinsa, bakinka na ƙaiƙayi, sai ya ɗaga maka hannu kamar yana filin fareti. Ya zaro wayarsa, ya cusa ta cikin safa, ya jefa a tsohon gwangwanin madara, ya danne murfi da diddige. Sannan ya ce, "To Audu, yi gulmarka, abokin gaba ya kurmance."

Kun san asalin abin? Wata rana ya yi mini kukan ciwon gwiwa, washegari waya ta nuna masa tallar man zafi. Kai! Ranar unguwa ba ta zauna ba.

"Ni da kai kaɗai muka yi maganar ga. Ko kai ne, ko ita."

Na rantse, na ƙara rantsewa. Ya dube ni sama da ƙasa, ni da na bar makaranta tun alli bai san hannuna ba, ya ce, "Ita ce. Kai ba ka da wayon kai rahoto."

Da masu fansho suka ce dole kowane tsohon soja ya yi imel, Emeka mai shagon waya ne ya buɗe masa. Ba a jima ba saƙonnin talla suka fara zubowa, kowanne da sunansa a sama.

"Tanko! Tanko gatsau! Babu Saje, babu sallama. Wa ya ba su sunana?"

Emeka kuma, maimakon ya lallashe shi, sai ya ce ai masu aikowa suna sanin lokacin da mutum ya buɗe. Daga ranar Saje bai sake buɗe imel da singileti ba. Sai ya yi wanka, ya sa riga da hula, ya gyara zama. Kalmar sirri kuwa ya hana Emeka gani, ya hana ni, har shi ma ta ɓace masa.

"Oga Saje, ka manta ne?" in ji Emeka.

"Ban manta ba. Na ɓoye ta inda ko ni ba ni iya kaiwa."

Amma babban yaƙin da ɗiyarsa Ladi aka yi shi, wadda ke aikin jinya a Kaduna. Hawan jini ya kama Saje, likita ya hana shi gona, shi kuwa gonarsa ta hanyar Ribah ita ce ransa. Ladi ta kasa barci. Da ta zo gida ta kunna wani abu a wayar, ɗigo shuɗi da ke nuna mata duk inda ubanta yake.

"Na yi yaƙi ba a kama ni ba," in ji Saje, "sai ɗiyar cikina ta sa mini ɗan sanda a aljihu?"

Da farko ya bar wayar cikin gwangwani ya wuce gona. Ɗigo ya ƙi motsi, Ladi ta zaci ya kwanta ciwo, ta tayar da dangi duka. Sai ya canza dabara, ya damƙa mini wayar.

"Gida, masallaci, gida. Tafiyar mai hawan jini za ka yi, ka ji ko?"

Ni? Ni da ƙafata ba ta san zama ba? Aka yi suna a Mahuta, na hau babur. Kasuwar Bena ta ci, na je ganin ido. Rannan ina mayar masa da wayar da yamma sai ga kiran Ladi.

"Baba, yau Mahuta, jiya Bena, shekaranjiya teburin mai tsire har la'asar?"

Saje ya harare ni, ya gyara murya. "Lahiya ce ta samu, ɗiyata."

"Madalla. To ka gaida mini Baba Audu, ka ce ya rage tsire."

Daminar bara jikinsa ya yi sanyi. Na zo karɓar waya kamar kullum, sai ya riƙe hannuna. Ya fiddo ta daga safa, ya sa a aljihun ƙirjinsa.

"Bari ta gan ni. Yarinyar ga ba ta barci."

Daga nan ɗigon bai wuce gindin mangwaro ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki Ladi ta kira ni gefe, ta ba ni wayar da gwangwanin, idonta jawur.

"Baba Audu, kada ka kashe ta. Ka riƙa yawo da ita. In na ga yana motsi sai in samu barci."

To in kun gan ni ina kai da komo a Zuru da aljihu a kumbure, ba taɓuwa na yi ba, aike ne. Har gonar nakan kai ta, in zauna kaɗan.

Allah wanda ya san inda kowa yake ba tare da waya ba, ka jiƙan Saje Tanko, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya zuciyar Ladi. Amin.