Wankan Jegon da Na Yi wa Ɓeran Masar

Ina gaida masu wannan mujalla da masu karanta ta. Yawancin waɗanda ke rubuto muku suna ba da labarin abin da aka yi musu ne. Ni nawa na abin da na yi ne da hannuna.

Lokacin da abin nan ya faru ban wuce shekara ashirin da uku ba, ina aure a wani ƙauyen Hausawa kusa da Haj Abdalla, cikin Jazira ta ƙasar Sudan. Kakanninmu sun taso daga Sakkwato da niyyar hajji, hanya ta ajiye su a nan. Mijina yana da hawasha, wato gonar auduga da hukumar noma ke yanka wa manomi a bakin tur'a, babbar magudanar ruwan ban-ruwa. 'Ya'yana uku, ga na huɗu a ciki, ina ji da kaina kamar ni na fara haihuwa a duniya. Ga shi kuma Allah ya ba ni baki. In muka taru ɗibar ruwa, ni ce mai kwaikwayon tafiyar wance da maganar wane, mata su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa tsayawa na dubi fuskar wanda ake yi wa dariyar ba.

A gidanmu akwai yayar mijina, ina ce mata Yaya. Ta girme ni da kusan shekara ashirin. Aurenta uku, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kowane miji sai ya jira ya gaji ya sallame ta. Bayan na ukun ta tafi Sinnar ta yi shekaru tana wanki da girki a gidan wani likitan dabbobi. Da ƙafafunta suka soma ciwo ta dawo gidan ƙanenta, da akwatinta na ƙarfe da wani kwando mai murfi. Cikin kwandon wata 'yar dabba ce da ba mu taɓa gani ba, ba ta kai ɗan zomo ba, ba wutsiya, fara da dabbare-dabbaren ja. Yaya ta ce ɓeran Masar ake ce da ita, mace ce, 'ya'yan likitan ne suka bar mata. Mu dai kalmar ɓera kawai muka ji. Mijina ya ce a jefar, Yaya ta ce sai dai a jefar da su tare, ya ƙyale ta don yayarsa ce. Kullum da safe ta kan je bakin tur'a ta yanko ɗanyar ciyawa, dabbar kuwa tun daga nesa in ta ji takunta sai ta kama wani irin fito. A gidan nan kaf ba wanda ke murnar dawowar Yaya sai ita, kuma ni na sani.

Ana nan sai dabbar ta soma ciwo. Gefen cikinta biyu suka kumbura, gashin wajen ya zube, wani lokaci a ga jini a shimfiɗarta. Yaya ta ɗauki kwando ta hau lori zuwa Sinnar. Likitan ya duba ya ce mahaifa ce ta lalace, sai an buɗe ciki an cire, kuma bai yi mata alkawarin dabbar za ta tashi ba, domin ƙananan nan ba su cika jure maganin barci ba. Albarkacin zaman da ta yi a gidansu ya yarda zai yi aikin, ya ce ta dawo da ita bayan mako guda. Mako ɗin nan Yaya ta yi shi tana kiwonta kamar amarya, wai don ta yi ƙarfi. Wata tsohuwa ta ce mata duk wanda za a yanka wa ciki ai hana shi abinci ake yi tun jajibiri. Yaya ta ce a'a, likita ya ja mata kunne cewa irin wannan dabba in cikinta ya zauna wayam, shi ke nan ya tsaya. Har a kan lori ran tafiya tana miƙa mata ciyawa ta ƙofar kwando.

Ta dawo da ita da rai, an aske cikin, ga ɗinki biyar da baƙin zare. Ta zo da dokoki kuma, ta haddace su kamar karatu: kada ruwa ya taɓa ɗinkin, kada a ajiye ta kan ƙasa sai kan farin ƙyalle mai tsabta, a sauya safe da yamma, kada ta sha rana kada ta sha sanyi, in ta ƙi ci a daka ciyawa a dama a ba ta kaɗan-kaɗan, bayan kwana goma a mayar a cire zare. Yaya ta ciro farin mayafinta guda ɗaya tak, wanda take zuwa gaisuwar mutuwa da shi, ta yayyaga shi gida takwas. Kwana biyun farko dabbar ba ta ci da kanta, sai Yaya ta ɗora ta a cinya tana ɗiga mata da ƙaramin cokalin shayi. Har kashinta take ƙirgawa, in ta ga ya ƙaru sai ka ji tana hamdala. Ni kuwa na sami abin yi. Na je tur'a na ce wa mata yanzu kam an yi daidai, uwa da ɗiya duk ba mahaifa, sai a zauna lafiya. Aka yi dariyar da wata ta saki tulunta. Na san maganar ta koma kunnen Yaya, amma ba ta nuna mini ba.

Ran kwana na shida dabbar ta tashi tana yawo cikin kwando, har ta yi fito. Lokacin lagit ne, wato tsinkar auduga, mufattishi, jami'in hukuma mai duba gonaki, ya matsa wa mijina lamba don audugarsa ta soma zuba ƙasa. Mijina ya ce daga gobe kowa sai gona, ni kaɗai aka ɗauke wa saboda cikina ya tsufa. Yaya ta roƙe shi ya ƙara mata kwana huɗu, ya ce ba zai bar auduga ta lalace saboda ɓera ba. Da sassafe ta kira ni ɗakinta. Ta nuna mini ƙyallen sauyi, ta nuna mini ciyawa, ta maimaita mini dokokin nan har sau uku, musamman ta ruwa. Sannan ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kira ni ƙanwarta, ta ce ta bar mini amana tsakanina da Allah. Na ce ta tafi abinta, ba komai.

Da hantsi maƙwabtana uku suka shigo shan gahawa. Hira ta yi daɗi, ɗaya ta tambaya ina mai jinyar gidan. Nan shaiɗan ya hau kaina, ko in faɗi gaskiya, halina ne ya motsa. Na ce ai ba jinya ba ce, jego ne, kuma an yi wa maijego rashin adalci, kwana shida ba wanka. Duk macen da ta haihu a cikinmu ta san wankan nan: a tafasa ruwa da ganye, a tsoma damin ganyen ana fyaɗa wa jiki, safe da yamma har arba'in, a bi da kunun kanwa. Yaya kuwa ta yi wa mata da yawa a ƙauyen, ita ba a taɓa yi mata ba, kuma abin da nake so in taɓa ke nan. Na ɗora tukunya, na tsinko ganyen darbejiya, na ɗaura zane a ƙirji ina kwaikwayon ɗingishin Yaya da muryarta. Na buɗe kwandon na sa hannu. Dabbar ba ta gudu ba, ta hau tafin hannuna tana shinshina yatsuna.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina ruwan bai yi zafi sosai ba. Ƙarya nake yi. Ni kaina sai da na janye yatsa da ya fallatso mini. Na kwantar da ita rigingine, na tsoma ganye na fyaɗa a cikin nan da aka aske. Ta yi wata ƙara da ban san ƙaramin abu irin wannan yana da ita ba. Mata biyu suka bushe da dariya, dariyar ta ƙara mini ƙaimi, na sake fyaɗawa, na sake, ina yi mata sannu da jego. Tana shure-shure har na ga zare biyu sun ɓalle. Babbar cikinsu ce ta miƙe ta ce in ji tsoron Allah, ta ɗauki takalminta ta fita. Ko a nan ban tsaya ba. Na ɗebo kunun da ya rage na safe, na barbaɗa kanwa, na ɗura mata da cokalin Yaya har yana fitowa ta hanci. Da suka watse na goge ta, na sauya ƙyalle, na mayar da ita na rufe kwandon, na shiga girkin rana.

Yaya ta dawo bayan la'asar da damin ciyawa a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, ba ta ji komai ba. Ta shiga ɗaki, ni ina tsakar gida ina tankaɗe. Ta fito da dabbar a hannu biyu, ta kai ta hancinta ta shinshina, sannan ta dubi tukunyar da ganyen ke ciki har lokacin, don ban ma zubar ba. Ba ta tambaye ni ba, ni ce na yi saurin cewa kyanwa ce ta shiga ɗakin. Ta dube ni kawai ta koma ciki. Ta roƙi ƙanenta ya bar ta ta tafi Sinnar, ya ce lori sai ran kasuwa, kuma gona ba ta jira. Sai ta riƙa goya kwandon zuwa gona, ta ajiye a inuwar buhu, ta tsinki layi guda ta dawo ta duba. Fatar cikin ta saɓule, wajen ɗinkin ya soma wari, dabbar ta daina ci sai cizon haƙora. Kwana biyu ta yi a haka, ta mutu a cinyar Yaya ana kiran azahar, a tsakiyar auduga.

Da abin ya tsaya nan ma da sauƙi. Amma labarin wankan ya riga ya zaga ƙauye, kuma an ɗauke shi abin raha. Yaya ta je ɗibar ruwa wata ta yi mata barka da sauka, wata ta tambaye ta yaushe ne arba'in. Ni na ƙirƙiro wasan, ya fi ƙarfina in tsayar da shi, kuma ban ma gwada ba. Mijina ya ji, ya ce sha'anin mata ne. Yaya ta tsaya har aka gama lagit, ba ta yi fashin kwana ɗaya ba, tana cin tuwon da na tuƙa, tana amsa gaisuwata. Ran da aka auna buhun ƙarshe ta ɗauki akwatinta ta tafi Damazin, inda ake aikin madatsar ruwa, ta shiga dafa wa leburori abinci da ƙafafun nan masu ciwo. Ba ta sake kwana a gidanmu ba.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya na sake ganinta, da aka aiko cewa tana kwance. A lokacin na binne 'ya'ya biyu, bakina ya yi sanyi, na san yadda mutum ke ji in ya shiga ɗaki bai tarar da abin da ya saba tararwa ba. Na same ta a wata bukka a gidan wasu Hausawa da suka riƙe ta don Allah, ta rame ta zama kamar kara. Na durƙusa na faɗa mata komai, na ce ba kyanwa ba ce. Ta ce ta sani tun ranar. Abu ɗaya ta ce in gaya mata: wa ya kamo mini dabbar, don ita ba ta yarda da baƙo. Na ce ba wanda ya kamo, da kanta ta hau hannuna. Sai Yaya ta ce ashe laifinta ne, domin sa'ad da aka ba ta dabbar ko inuwar mutum ta gani sai ta ɓuya, ita ce ta yi wata da watanni tana koya mata cewa hannun mutum ba abin tsoro ba ne. Na fashe da kuka na ce ta yafe mini. Ta ce abin da na yi mata ita, ta yafe tun tana kan lorin Damazin, duniya da lahira. Amma wadda aka zuba wa ruwan ba ita ba ce, ba ta da ikon yafe haƙƙin wani. Ta rasu bayan kwana tara.

Yau na tsufa, na yi istigfari iya iyawata, na yi sadaka, na tambayi malamai, kowa ya ce rahamar Allah tana da faɗi, kuma na yarda. Amma na gane cewa ban taɓa ƙin dabbar nan ba, ban ma ƙi Yaya ba. Dariyar mata uku nake nema, na kuwa saye ta da ran abin da aka ba ni amana. Ina kira ga 'yan'uwana mata, musamman masu baki irin nawa: in kun ga mutum ya rungumi wani abu da kuke gani ba a bakin komai yake ba, ko kaza ce ko kyanwa, ku bar masa abinsa, ba ku san ramin da yake toshewa da shi ba. In an bar muku marar lafiya, mutum ko dabba, aka ce kada ku yi kaza, to kada ku yi. Mutum in ka cuce shi kana iya bin sa har Damazin ka durƙusa. Ni kuwa ga ni da sauran kwana kaɗan, har yanzu ban san gaban wa zan durƙusa ba.