Wanda Tillery da 'Ya'yan Zabiyar Mesa

A bayan garin Ocala kowa ya san Wanda Tillery, mai kiwon mesa a garejinta, irin mesar da ke haihuwa ba mai saka ƙwai ba. Mace ce da ko ƙwai ka ba ta kyauta sai ta girgiza shi a kunne. Tun tana budurwa aka taɓa sayar mata da mesa mai ciwo, daga ranar ta rufe ƙofar yarda. Mutum ɗaya ta bar wa kafa, Hollis, ƙanin marigayi mijinta, shi ma mai kiwon ne.

Abin alfaharinta wata zabiyar mesa ce, fara sol da ɗigon rawaya. Hollis kuma yana da zabiya namiji da ya sayo daga wani gida can nesa, mai ratsin ja kamar manja. Wanda ta saka tata a rigar filo, yadda ake ɗaukar maciji, ta kai masa barbara. A saninta, zabiya da zabiya sai zabiya.

Ranar haihuwa ta leƙa keji. 'Ya'ya rututu, duk ruwan ƙasa, babu fari ko na magani. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta nufi gidan Hollis, ta tarar da shi yana gasa nama a tsakar gida.

"Wane gardin ka haɗa ta da shi?" in ji ta.

"Matar Yaya, ko gaisuwa babu? Nawa na saka mata. An ce in aka haɗa zabiyar wani gidan da ta wani, farin ba ya fita a 'ya'ya, sai a jikoki."

"An ce. Wa ya ce? Kana rowar irinka ne kawai."

"To zauna ki ci nama, ko shi ma na musanya?"

Ba ta zauna ba, kuma ba ta sake taka gidan ba. Ya yi ta kiran waya, ta ce mai gaskiya ba ya nacin kira. Da ya daina, ta ce ai dama marar gaskiya ko cikin ruwa gumi yake. Kai, Wanda!

'Ya'yan kuwa ta ajiye biyu, mace da namiji, wai shaida. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa ta ce ga cin amanar dangi. Shekaru suka tura, wuri ya yi mata kaɗan, ta haɗa su keji ɗaya. Macen ta haihu. A cikin tarin ga wani ɗan fari, da ratsin ja kamar manja. Wannan jan babu shi a kejinta kaf, gida ɗaya ta taɓa ganinsa. Ta juya shi, ta kai shi rana, ta goga da yatsa ko zai fita. Bai fita ba. Kunya ta rufe ta.

Ta sa shi a rigar filo ta tafi. Hollis ya tsufa, ya sayar da macizansa, yana zaune a baranda da sanda.

"Na kawo maka jikan namijin mesarka," ta ce. "Sak kakan."

Ya kalli rigar filon, bai miƙa hannu ba.

"Buɗe daga can, Wanda," ya ce. "Ban san abin da kika sa a ciki ba."