Yadda sunan wani Ba'indiye ya raba mana gardamar Ajuji

Shekarun baya, lokacin da aka kawo injin haƙa rijiyar burtsatse unguwarmu a Roni, gidanmu yana cikin wani hali da ban taɓa ba ku labarinsa a nan ba. Matata ta haihu, an samu mace, uwa da jaririya lafiya lau, amma farin cikin namu rabi ne. Kafin wannan yarinya mun binne biyu, babu wanda ya kai yaye a cikinsu. Duk wanda ya shigo barka ya ce Allah Ya raya, sai mu amsa da amin, kowa ya sunkuyar da kai.

Na riga na yanke shawarar sunan mahaifiyata zan sa mata. Kun san abin da hakan ke jawowa. Ni ba zan iya kama sunan ba, matata ma ba za ta iya ba, dole a nemi alkunya. A gidanmu kuma mai suna ce ke zaɓa wa takwararta laƙabi. Matata tana ta fatan a ce Ummi ko Walida. Inna, wato mahaifiyata, ta buɗe baki ta ce Ajuji.

Ga yaran yanzu da ba su san shi ba, Ajuji suna ne da mutanen dauri suke sa wa ɗan da yayyensa suka yi ta rasuwa, a nuna kamar an yar da shi a juji ba a damu da shi ba, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce.

Matata ta kira ni ɗaki, ta yi ƙasa da murya. "Wata tara ina ɗauke da ita, in haife ta a dinga kira min ita da bola? Wallahi ko za a yanka ni bakina ba zai faɗi sunan nan ba."

Na je na lallaɓa Inna, na kawo mata maganar malamai cewa camfi ne. Ta bari sai da na gama tsaf, sannan ta ce, "Waɗancan biyun ai sunayen 'yan gayu kuka kira su da su. Suna ina?"

Ni da nake raba rigimar ɗalibai kullum a makarantar da nake koyarwa a Kazaure, sai ga ni na koma ɗan aike tsakanin ɗakuna biyu, kowane na shiga in fito da kunya. Surukai suka daina haɗa ido. Gaisuwar safe ta koma "ina kwana", "lafiya", shi ke nan. Ga ranar suna tana ta matsowa.

A waje kuwa inji yana ta rugugi. Wanda ya san Roni ya san ƙasarmu dutse ce, ba a samun ruwa da wasa. Shugaban masu haƙar wani Ba'indiye ne gajere mai furfura, ya daɗe a Kano, yana jin Hausa irin wadda ake tsinta a bakin aiki. Yaran aikinsa suna kiransa Masta Datti, unguwa ma ta ɗauka. Sai na lura kullum da rana Inna tana dama fura a kwanon da ba ta ba kowa, ta aika masa. Na tambaye ta dalili.

"Bawan Allah, uwarsa wabi ta yi," in ji ta.

Na ce, "Inna, wa ya faɗa miki?"

"Sunansa mana. Wace uwa ce za ta kira ɗanta datti in ba ta gaji da binnewa ba? Ka gani ko? Har a Indiya ana yi. Ga shi nan da furfurarsa, garau, yana fasa dutse."

Na ce ai akwai Datti na dattijo, irin wanda ake kiran mai sunan kaka. Ta ce in rufa mata asiri, ina Ba'indiye ya san dattijo, ai datti kalmar Turawa ce, su kuwa can suna jin Turanci. Gaskiya hujjar ta kama ni. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ta kafa hujja sai ka nemi wurin zama. Daga ranar, duk lokacin da maganar laƙabi ta taso, sai ta nuna waje da haɓa ta ce, "Ga shaida can."

Da na ga shaidar nan za ta kayar da ni, sai na ce bari in je in ji daga bakin mai ita. Na same shi da la'asar a gindin darbejiya, an kashe inji, yana shan shayi, jikinsa fari fat da garin dutse. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi aiki, na tambayi iyali, sannan na daure na ce, "Yallaɓai, don Allah sunan nan naka, Datti, mahaifiyarka ce ta sa maka?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Ba Datti ba, malam. Datta. Yaran aiki sun lalata, ni na gaji da gyara. Kuma ba mama ta sa ba. Babana Datta, kakana Datta, yarana Datta. Matata ma, na aure ta, ta zama Datta."

Ya ce sunan zuriya ne, gadonsa ake yi, kuma a yankinsu na Bengal masu shi suna da yawa, wasu ma ba su san juna ba. Nasa sunan na kansa daban ne, wannan yana zuwa a ƙarshe. Na ce mu a nan sunan uba muke sawa, ko na gari, ni kaina Roni nake rubutawa a ƙarshen sunana. Ya zaro ido ya dubi gidajen unguwa. "Duk garin nan gidanku ɗaya?" Muka yi dariya tare, kowa yana ganin al'adar ɗan'uwansa ce abin mamaki.

Na tambayi ma'anarsa. Ya ce daga tsohon harshensu ne, Sanskirit, wanda yanzu ba a ciniki da shi a kasuwa, ya fi zama a littattafai da addu'o'i da sunayen mutane. Ya nemi kalmar Hausar ya rasa. Sai ya ɗauki kofin shayinsa ya ɗora min a tafin hannu, ya janye nasa hannun.

"Wannan. Na ba ka. Ba ka saya ba. Shi ne datta."

Na ce, "Kyauta?"

"Yawwa! Kyauta."

Na ce to wa ya bayar? Ya ɗaga yatsa sama, ya ce haka tsofaffin gidansu suke cewa.

Na taho gida da sauri ina murmushi, a raina ina cewa yau na kama Inna. Na same ta tana tsince wake, na zayyana mata komai, har da kwaikwayon muryarsa, ina jiran ta musa. Ba ta musa ba. Ta ajiye faifan, ta ce "Kyauta" a hankali, ta sake maimaitawa. Ta ce ƙanwar kakata ma Kyauta ake ce mata, ita ma bayan wabi aka same ta, kuma ta tsufa har haƙoranta suka zube, ita dai ta manta da sunan ne sam.

Sannan ta dube ni ta ce, "Kai kana zaton daɗi nake ji a kira jikata da juji? Tsoro nake ji. Waɗancan biyun ni na yi musu wanka na farko, ni na yi musu na ƙarshe."

Duk murnar nasarar da na shigo da ita ta zube. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don tun da abin ya faru mu ake yi wa ta'aziyya, ba wanda ya tuna ita ma ta yi rashi.

Ta miƙe da kanta, ta ɗaga labulen ɗakin matata, ina biye da ita. Ta ce, "Ke, Kyauta ya yi miki?" Matata ta dubi jaririya, ta dubi Inna, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Ya yi, Inna." Inna ta ce to a miƙo mata takwararta, ruwan wanka yana hucewa.

Ranar suna Ba'indiyen ya zo cikin fararen kaya, ya zauna a tabarma da mu. Da aka gaya masa laƙabin, ya dafa ƙirji ya ce ashe ya yi 'yar'uwa a Roni. Bayan 'yan kwanaki suka huda dutsen, ruwa ya feso, suka naɗe kayansu suka tafi. Ban sake ganinsa ba.

Har gobe ban yarda suna yana tare mutuwa ba, kuma na san Inna ma a zuciyarta ta san Allah ne mai rayawa. Amma na gane Ajuji da Kyauta tsoro ɗaya ne ya haife su. Mai cewa Ajuji yana ɓoye ƙaunarsa don kada a ƙwace, mai cewa Kyauta ya yarda ba shi ya ba kansa ba. Na fi samun natsuwa da na biyun.

Yarinyar yanzu tana firamare, kuma ita ke ɗebo wa Inna ruwan alwala a wannan burtsatsen. Inna kuwa har yau Masta Datti take ce masa, na gaji da gyara kamar yadda shi ma ya gaji. Kwanaki na ji yarinyar tana tambayarta wa ya sa mata Kyauta, don 'yan ajinsu suna cewa sunan tsofaffi ne. Inna ta ce, "Ki ce musu sunan gidanku ne na Indiya. Kuna da yawa a can, kuma duk kuna tsufa."