Moton da Yayana Ya Zaɓa

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi ne makomarmu. A ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin da duk layin masu aikin ƙarfe ke kira Mai Awo. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar kwana tara. An yi masa salla bayan azahar, kuma ranar babu shagon da ya buɗe a layinmu, daga kan masu walda har zuwa mai sayar da ƙusa na bakin kwana.

Ni ne ƙaninsa. Sana'ata naɗin moto: idan fanka ko injin jan ruwa ya ƙone, ni ake kawo wa in warware tsohuwar waya in naɗa sabuwa. Shagona na jingine da nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu tsawon shekara talatin da ɗaya. Don haka abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi.

Yaya, bari in juyo gare ka, domin ban saba yin maganarka a bayan idonka ba.

Ba a banza aka laƙaba maka Mai Awo ba. Ban taɓa ganin ka yanke ƙarfe da zato ba. Matarka takan ce ko sukari za ka zuba a shayi sai ka dubi cokalin ta gefe tukuna, kai kuma ba ka taɓa musanta mata ba. Ina tuna wata tsohuwa mai ɗinki da ta zo da wani ɗan ƙarfe da ya karye a kekenta, abin da aka daina yin irinsa tun da daɗewa. Ka ajiye aikin da ke gabanka, ka sassaƙa mata sabo, sannan ka rufe shago ka bi ta har gida, domin a cewarka ba ka gama aiki ba sai ka ga allura tana hawa tana sauka. Ina tuna mai waldan da ke tsallaken shagonmu, lokacin da gobara ta cinye masa rumfa. Ka raba benci biyu ka ba shi rabi, ya yi wata biyar yana aiki a cikin shagonka, ba ka taɓa nuna masa a fuska cewa ya takura ka ba.

Amma labarin da na fi so mutane su sani shi ne na moton nan, domin a cikinsa ne na gama sanin wane ne yayana.

A cikin injunanka, wanda ka fi ji da shi shi ne ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, wanda 'yan sana'a ke ce wa milin. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: wuƙa ce ke juyawa daga sama, ƙarfen da za a sassaƙa yana ɗaure a kan teburi, mai aiki kuma yana murza wani hannu mai kama da ƙaramin sitiyari, teburin na tafiya a hankali a ƙarƙashin wuƙar. Duk kyan aikin yana ga wannan murzawa. In hannu ya yi sauri a nan ya yi nawa a can, fuskar ƙarfen za ta fito da tudu da kwari. Da wannan injin kake yi wa cibiyar gyaran ƙashi gaɓoɓin gwiwa na takalmin ƙarfe, irin wanda ake ɗaura wa masu raunin ƙafa su samu su tsaya. Shekara goma sha bakwai kai ke yi musu.

Shekara shida da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ka. Allah Ya tashi kafaɗunka, ka dawo kana tafiya da ƙafarka, maganarka ta daidaita, sai dai hannun dama ya rasa ƙarfinsa, kuma yana rawa. Ka koma aiki ba ka ce wa kowa komai ba. Bayan mako biyu sai ga shugaban masu haɗa takalman a cibiyar, wanda muke kira Dogo, ya zo da kansa, bai aiko kowa ba. Ya kwance wani tsumma a kan bencinka, gaɓoɓi takwas ne a ciki.

Ya ce, “Mai Awo, ba ƙorafi na kawo ba. Shafa ka ji.”

Ka bi ramin gaɓar da babban yatsanka na hagu, ka daɗe ba ka ɗago ba. Sannan ka ce, “Wannan zai cije a gwiwar mutum yana tsakiyar titi. Da ka karɓa don kunyata, da ka cuce ni.”

Dogo ya ce akwai mutane suna jira, amma zai iya riƙe su mako shida. In ya wuce haka, dole ya nemi wani.

Bayan tafiyarsa na zagayo na ce ka haƙura ka huta, 'ya'yanka sun girma, ni ma ga ni. Har yau ina jin nauyin wannan magana. Ka dube ni ka ce, “Kaina bai shanye ba. Idona garau, kunnena garau. Hannu ɗaya ne ya ajiye aiki, to sai mu ɗauki wani a madadinsa. Kai ba mai moto ba ne?”

Washegari na kwaso maka abin da nake taƙama da shi: moton fanka, moton injin wanki, da na injin huda bango. Na jera su a gabanka ina jira ka yaba. Ko taɓa su ba ka yi ba. Ka ce ba a ɗaukar ma'aikaci sai an san nauyin aikin. Ka aika gida aka aro sikelin rataya na matarka, ita kuma ta aiko da saƙo cewa in ya dawo da ɗigon giris, ni da kai mu nemi inda za mu ci abinci. Ka kuma kira 'yarka ta fari, mai sunan mahaifiyarmu, wadda kake ce wa Uwata. Ita ce ta karanci aikin lantarki, a lokacin tana koyarwa a makarantar koyon sana'a.

Muka ɗaura igiya a hannun teburin, muka maƙala sikeli, aka kunna injin, wuƙa ta kama ƙarfe. Na ja, kai kana karanta allura: kilo uku. Ka ce mu rubuta shida, domin wuƙa takan dakushe, kuma mai yakan bushe. Daga nan Uwata ta riƙa murza hannun, kana ce mata “ƙara” ko “rage” har sai ƙarar yankan ta yi maka daidai a kunne, ni kuma ina riƙe da agogo ina ƙirga. Ya fito cewa aikinka duka yana tsakanin juyi goma sha biyar da juyi sittin a minti ɗaya.

Da waɗannan lambobi biyu ka sallami motocina ɗaya bayan ɗaya. Na fanka yana juyi fiye da dubu a minti, kuma in aka rage masa gudu ko yaro zai tsayar da shi da yatsa. Na huda bango ihunsa zai toshe maka kunnen da kake sauraron wuƙa da shi. Na injin wanki kuwa, wanda na fi kafewa a kansa saboda ƙarfinsa, ka ce ƙarfin nan ne aibinsa. “In wuƙa ta cije, wannan ba zai tsaya ba. Zai karya wuƙar, ya lanƙwasa dogon ƙarfe mai zare da ke jan teburin, sannan ya nemi yatsuna. Ina son wanda ya fi aikin ƙarfi, amma bai fi injin ƙarfi ba.”

Uwata ta kawo nata. Akwai wani irin moto na zamani mai tafiya taki-taki bisa umarnin kwamfuta, ta ce da shi injin zai yi aikin da kansa, kai sai dai ka zauna. Kun yi kwana biyu kuna wannan muhawara, ni ina tsakiya ina shan shayi. Ba ka raina iliminta ba, ka sa ta zana maka yadda yake aiki har ka gane. A ƙarshe ka ce, “Uwata, abin naki ya fi nawa wayo. Amma ni ba wanda zai zauna a kujerata nake nema ba, hannu nake nema. Kuma ina son abin da in ya lalace, Baffanki zai buɗe shi ya gyara kafin la'asar.” Ta yi dariya ta ce, “To Baba, na ji. Amma ni zan haɗa abin rage gudun, Baffa kada ya sa min hannu.”

Kai ne ka tuno da moton waifa, wanda ke share ruwan sama a gilashin mota. An yi shi don ya yi ta aiki awa da awanni ba tare da ya yi zafi ba, yana da giya a cikinsa mai mayar da gudu ya zama ƙarfi, kuma juyinsa ya faɗa daidai cikin lambobinmu. Muka je wurin masu ɓaɓɓalla tsofaffin motoci da batir a hannu. Guda bakwai ka sa aka kunna maka, kana kara kunne a jikin kowanne, har mai kayan ya tambaye ni ko yayana likita ne. Na shida ka ɗauka.

A nan ne ni ma na yi rana. Na gaya maka irin wannan moto waya ɗaya tana haɗe da jikinsa, in aka juya wuta don ya koma baya zai iya haɗa tartsatsi da jikin injin. Na buɗe shi na raba wayar. Ka dafa kafaɗata ka ce, “Ka ga amfanin ƙane.” Shekara hamsin da wani abu ina bayanka, wannan ne yabo mafi tsawo da na taɓa samu daga bakinka, kuma ya ishe ni.

Saura matsala ɗaya: giyar waifa ba ta juyuwa da hannu, in an ɗaura moton, teburin ya kulle ke nan. Ka zana ɗan kuloci mai haƙora biyu, a tura ya kama, a ja ya saki. Uwata ce ta sassaƙa shi, tana murzawa kana tsaye a kanta kana gyara mata. Ka sa aka ratsa shi da siririyar ƙusar tagulla, don in abu ya cije ita ta fara karyewa. Ka sa makunni a kowane ƙarshen teburi, mai kashe wuta in tafiya ta kai iyaka.

Ba zan ɓoye kuskurena ba. Da muka zo kan hannu na biyu, mai ɗaga kan injin sama da ƙasa, ka ce a sake awo, ni kuma na ce ɓata lokaci ne, waifa na biyu zai ɗauka. Ka bar ni. Minti goma bai cika ba hayaƙi ya tashi. Ba ka ce “na gaya maka” ba, ka dai miƙo min sikelin. Nauyin ya kusa ninka na teburi sau uku. Da Dogo ya ji, sai ya kawo mana moton wata kujerar marasa lafiya mai batir da ta mutu a ɗakin ajiyarsu, shi ya ɗauki aikin ba tare da ko nishi ba. Hannu na uku kuwa, mai tura teburi gaba da baya, ka hana a sa masa komai. Ka ce hannun hagu ma yana bukatar dalilin tashi da safe.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika ka ɗaure ƙarfe, ka tura kuloci, ka murɗa ɗan maɓallin Uwata. Teburin ya kama tafiya sumul, ɓarɓashin ƙarfe na zuba iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Da Dogo ya zo ya shafa, ya ɗaga gaɓar ya kalli haske a jikinta, sai ya ce, “Mai Awo, wannan ai ya fi na da.” Ka ce, “Na sani. Ashe hannuna ma yana gajiya bayan azahar, girman kai ne ya hana ni gani.”

Shekara shida ka ƙara a kan wannan injin. Masu irin sana'arka da dama sun zo sun kwafi dabarar, ba ka hana kowa ba, sai dai duk wanda ya tambayi wane moto zai saya, ba ka ba shi amsa sai ya je ya auno nasa injin.

Kwana biyu kafin rasuwarka, da safe, na same ka a gadon asibiti ka ɗan sami sauƙi. Muka yafi juna, ka yi min wasiyya a kan iyali. Har na miƙe sai ka riƙo rigata ka ce, “Ka duba gawayin moton teburi. Tun kafin in kwanta na ji muryarsa ta canja.” Gawayin moto wasu 'yan baƙaƙen tubala ne da ke kai wuta ciki, suna cinyewa a hankali. Na ce to, a raina ina cewa zafin ciwo ne. Bayan an share makoki na buɗe shi. Sun cinye har kusa da waya, da an ƙara mako guda da ya ƙone. Na zauna a ƙasan shagonka da moton a cinyata, a nan ne na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Sannan na share idona na sa sababbi.

Shagon ba zai rufe ba, Yaya. Gaɓoɓi goma sha biyu ka bari ba a gama ba, Uwata ta ɗauki hutu ta gama su, Dogo ya karɓa bai mayar da ko ɗaya ba. Ta ce za ta ci gaba, ni kuma ina bayan bango in ta buƙace ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi shekara arba'in da biyu tana haƙuri da mu biyu, da Uwata da ƙannenta huɗu, da jikoki, da 'yan'uwanmu mata, da Dogo da abokan aikinsa, da dukan mutanen layinmu. Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Mun shaida bai taɓa tauye awo ba, bai kuma taɓa miƙa wa mutum aikin da shi kansa bai yarda da shi ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk takun da wani mai raunin ƙafa ya yi da aikin hannunsa, Ka rubuta masa shi a cikin ladansa. Ka sada shi da iyayenmu a gidan Aljanna, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.