Ranar da aka gasa gaskit a shagon Na-Gaske

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sabo makwancinsa. Kaɗan ne ma suka san sunan nan a New Bell, Na-Gaske ake ce masa. Kayan mota yake sayarwa, kuma an fi saninsa da ɗan faifan nan da ake sawa tsakanin inji da bakin salansa don kada hayaƙi ya tsere. Mu a Douala juwan muke cewa, shi kuwa ya kafe a kan gaskit, yadda 'yan uwanmu na Kano ke faɗa. Da mai mota ya shigo sai ya ce, "Gaskit kake so, ko na gaske?" Sunan ya bi shi.

Ba wasa yake yi ba. A mota mai turbo, wurin nan har ja yake yi don zafi. Na kwali ba ya kai ko'ina, na tagulla ma Yaya bai cika yarda da shi ba. Na ƙarfe mai hawa-hawa yake bayarwa. Kafin ya miƙa kuma sai ya tsallaka titi, ya ɗora shi a kan garwashin mai soya, wato mai tsire, ya tsaya yana tsokanar mutane. In ya fito lafiya, to ya cancanci mota. Ni da atamfa kawai na sani, dariya nake masa, ina cewa saura yaji.

Da ya rasu, matarsa Yaya Hajara ta danƙa wa ɗana Nasiru shagon, saboda sunan kada ya fita daga gida.

Watan jiya ina zaune a can sai ga Malam Buba, tsohon direba mai ɗaukar kaya daga Bassa, aminin marigayi. Nasiru ya miƙa masa gaskit yana walƙiya. Buba ya yi murmushi ya ce, "Bari mu yi irin na marigayi." Wallahi ba zargi ba ne, kewa ce kawai. Nasiru ya ce, "Tonton, ba sai an yi ba," amma tsohon ya riga ya tsallaka.

Kai jama'a! Ina kallo fentin ya kumbura, hayaƙi ya tashi, abin ya nannaɗe kamar ganda. Kwali ne aka fesa wa ruwan azurfa. Mai soya ya ture shi da wuƙa kada ya ɓata masa nama. Buba bai ko dubi Nasiru ba. Ni ya duba, ya ce, "Alhaji, ashe sai yau Na-Gaske ya rasu."

Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Nasiru ya ce mini, "Baba, duk layin nan haka ake yi, har unguwar Nylon." Wataƙila gaskiya ne. Da Yaya na nan, na san ba zai damu da layi ba. Abin da zai tambaya shi ne, direban da injinsa zai tsaya a daji da kayan mutane, wa zai je ya ɗauko shi?

Abin da ya bari yana nan, sai dai ba a gidanmu yake ba. Yana hannun wani tsohon direba da ba mu haɗa jini da shi ba.

Ranar Juma'a na je gaida Yaya Hajara. Ta ce, "Ya shagon?" Na ajiye mata makullin shagon da na karɓe daga hannun Nasiru a kan tabarma, na kasa ɗaga kaina.