Rawanin Ranar Sauka

Ranar Talata ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mako biyu bayan Babbar Sallah. Mu biyu ne a ɗakin, ni da likitar halayyar ɗan'adam da matata ta matsa sai na gani. Agogon bangonta ya yi gaba da minti uku. Na lura, don lura da agogo aikina ne.

Shekara goma sha bakwai ina karanta labarai a gidan rediyo, amma ban taɓa karantawa kai tsaye ba. Kullum naɗa ake yi, in na yi tuntuɓe a yanke, in sake. A watan ne shugaban sashenmu ya ce ni zai ba labaran safe, waɗanda ke fita kai tsaye, kuma ya ba ni wata biyu in kawo amsa. Tun ranar abinci ya daina shiga cikina.

"Malam, me kake tsoron ya faru?" in ji likitar.

"Za a gane."

"A gane me?"

"Cewa sojan gona nake yi. Muryar dai tawa ce. Iyawar ta mai yankan sauti ce."

Ta ce ba ni kaɗai ba ne, kuma sau da yawa irin wannan yana da tushe. Ta tambaye ni yaushe na fara jin haka. Ban ko tsaya tunani ba na ce ranar saukar karatuna.

Shekarata goma sha huɗu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu a Shahuci, Baba ya yanka sa, an naɗa mini rawani. Al'ada ce mai sauka ya riƙe allon zayyana ya karanta ayoyin da ke kai a gaban jama'a. Na ɗaga allon, na ga rubutun, bakina ya ƙi buɗewa. Ban san iya tsawon shirun ba. Sai yayana, wanda ke durƙushe a bayana, ya matso da bakinsa kusa da kunnena. Na ji raɗarsa, na bi, har ƙarshe. Aka shafa fatiha.

Da baƙin nesa suka watse, ya rage 'yan uwa da maƙwabta a zaure, Baba ya kira mu. Bai ɗaga murya ba. Ya warware rawanin daga kaina a hankali, ya naɗa wa yayana, ya ce, "A ba mai karatu kayansa." Wasu suka yi dariya, don sun zaci wasa ne. Har Allah ya yi masa rasuwa bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Likitar ta ce in riƙe hoton zauren a raina, in bi yatsunta biyu da ido, dama da hagu. In ta tsaya, sai in faɗi abin da ya zo mini, in kuma auna nauyinsa daga sifili zuwa goma. Ranar farko na ce tara. Abin ya yi mini kama da wasan yara, amma a zuwa na uku na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a jana'izar Baba. A zuwa na biyar na ce huɗu. Na koma cin tuwo. Ina iya tuna sanyin iska a kan askakken kaina ranar saukar, in ci gaba da abin da nake yi.

"Yanzu in ka dubi yaron nan, me za ka ce game da shi?" ta tambaya.

"Tsoro ya ji. Yaro ne."

"Ya iya karatun?"

Na ce ban sani ba. Ta ce to, akwai wanda ya sani, kuma yana raye.

Na sami yayana a rumfarsa ta kayan fata a Kasuwar Kurmi, yana shafa wa wata jaka mai. Muka gaisa, ya tambayi iyali. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ajiye jakar. "Wai rawanin nan? Mutumin rediyo, ashe ba ka da aikin yi."

"Yaya, tambaya na yi. Nawa ka faɗa mini?"

"Kalma ɗaya. Ta farko. Daga nan ka zabura kamar an kunce akuya, ni kaina ban iya bin ka ba."

"Na ji muryarka har ƙarshe."

"Ni da ko izu goma ban kai ba na gudo kasuwa? Tsoho ma ya sani. Haushina yake ji, sai ya huce a kanka. Rawanin ya fi ci mini mutunci fiye da kai, in ka duba." Ya ɗauki jakar ya ci gaba da shafa. "Je ka karanta labaranka, mu ji ka da safe."

A hanyar komawa na auna maganarsa kamar yadda nake auna rahoto kafin in karanta. Majiya ɗaya ce. Mai ba da shaidar yana ƙaunata, don haka yana da dalilin sassautawa. Batun izu goma kuma ba hujja ba ce, domin ayoyin da ke kan allon zayyanar, kowane yaro a unguwar ya haddace su. Kafin in kai bakin titi na rushe duk abin da ya faɗa.

Na gaya wa likitar haka. Ta ce, "Malam, wace shaida ce za ta ishe ka?" Na nema da gaske, ban samu ba. Ta ce ciwon ranar ya lafa, amma hukuncin da na karɓa daga bakin Baba yana nan, kuma shi ya fi daɗewa. Ta ce mu ci gaba. Na ce to, sai dai wa'adin ofis ba zai jira ba.

Ranar da wata biyun suka cika na shiga ofishin shugaban sashe na gode masa, na ce a bar ni inda nake. Bai tambayi dalili ba. Aka ba wata abokiyar aiki labaran safe, wadda ni na koya mata inda ake jan numfashi a tsakiyar jimla. Ta fara a Litinin ɗin da ta biyo baya.