Malamar da Ta Auna Ma'auni

Kafin mai shara ya gama baranda, Malamar Shawara ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta na bayan ɗakin gwaje-gwaje, mai fanka guntuwar fiffike da kujera mai ɗingishi. A nan ta yi furfura tana sauraron 'ya'yan mutane. Makon jiya ta ajiye aiki, ko ruwan sanyi ba a raba ba. Tir.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Rijiya ta rufta da ni na fito, mota ta kife da ni na karkaɗe riga. Amma wata rana jikata Auta ta dawo daga makaranta da kuka. Wai an kawo wani gwaji mai gano irin tunanin yaro, ya ce ita mai koyo da hannu ce, a cire ta daga ajin kimiyya. Yarinyar da ke ɗaure wa kaji karaya tun tana ƙarama.

Na ɗauki sandata na tafi. Shugaban makaranta ya ce, "Baba, gwajin masana ne."

Malamar Shawara na wurin, ta ce, "Ranka ya daɗe, shi gwajin wa ya gwada shi?"

Ta zaunar da ni, ta karanto min tambayoyin gwajin. Na fito mai nazari a tsanake. Da aka kwana biyu ta sake, na fito mai gaggawa.

Na ce, "'Yata, ni da kakar Auta ta ƙare ƙuruciyarta ba ta canza ni ba, a ce kwana biyu sun canza ni?"

Ta ce, "Kana nan yadda kake, Baba. Gwajin ne ke rawa."

Ta maimaita wa ajin kaf, kusan rabi suka sauya laƙabi. Ta bi darasinsu, ta ga waɗanda aka ce ba za su iya ba suna iyawa. Ta baje hujja gaban taron malamai. Sakayyarta? Aka danne mata ƙarin girma, aka kira ta mai taurin kai. Amma Auta ta koma ajinta.

Malama, ke ce kika auna ma'auni kafin a auna 'ya'yanmu. Ke ce katangar da ba a yi wa fenti ba, ga rufin gida a kanta. Na gode, Allah ya biya ki abin da suka hana ki.

Ku malamai, kafin ku liƙa wa yaro suna, ku yi tambayar da Malama ta yi: shi gwajin wa ya gwada shi? Auta ke rubuta min wannan, da farar rigar gwaji a jikinta. Ta ce in rage cika baki. Ban rage ba.